Gidan Babanmu a Ikorodu ya koma daji, ta ina ake fara gyaran irin wannan?

Dan_Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan abin. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar wani gida a Ikorodu ta ɓangaren Igbogbo, fuloti ɗaya ne cikakke irin na nan Legas ƙafa 60 da 120, ginin ɗaki huɗu da falo a gaba sai fili babba a baya. Lokacin yana raye akwai 'yan haya a ciki, bayan rasuwarsa suka rinƙa fita ɗaya bayan ɗaya saboda rufin ya fara yoyo kuma ba mai gyarawa, magada kuma yawanci suna Kano da Zariya, ni kaɗai ne a Legas kuma ina Agege, duk wanda ya san goslo ɗin hanyar Ikorodu ya san ba wajen da mutum zai ce bari in leƙa in dawo yanzu bane. Haka gidan ya zauna a kulle shekara da shekaru.

To satin da ya wuce ciyaman ɗin CDA, wato ƙungiyar ci gaban unguwar, ya kirani a waya yana ta faɗa, wai an kashe maciji a gidan da ke jikin katangarmu kuma sun tabbata daga wajenmu ya fito, in bamu zo mun gyara ba zasu kai mu ƙara wajen hukuma. Naje na gani da idona, wallahi banga laifinsu ba. Get ɗin ma da ƙyar ya buɗu don ciyawa ta tokare shi ta ciki. Akwai wata doguwa mai kauri data fi tsayina, akwai wata mai yaɗo data bi tagogi ta haye har kan kwano, wata bishiya ta tsiro a jikin katangar baya ta tsaga bulo, ayaba tayi gungu a lungu, ga mangwaron da Baba ya shuka rassansa sun kwanta akan rufi. Sannan maƙwabta sun maida bayan gidan bola, ledoji, famfas na yara, kwalabe, tsofaffin tayoyi, harda katifa na hango. Iyakata baranda, ban iya ƙara gaba ba.

Wani abokina yace in bari rani ya shigo in cinna wa wajen wuta kawai a huta, wani yace in sayi maganin feshi in feshe komai ya mutu, wani kuma yace in ɗebo yara masu adda. Wanne ake farawa dashi? Bishiyar katangar nan fa yaya ake yi da ita? Sannan in an sare ina ake kai wannan uban tulin sharar? Gashi muna ƙarshen Satumba ruwa bai ɗauke ba, in jira ne ko in fara? Nagode.

Malam_Mai_Lambu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba yasa ya huta. Ɗan'uwa wannan aikin dashi nake cin abinci a garin nan, don haka ka bani kunnenka.

Maganar wuta ka cireta a ranka gaba ɗaya. Abokin naka lissafin gonar Arewa yake yi, inda ake sassabe a tara a ƙone kafin damina, fili fetal ba gidan kowa a kusa. Nan gida ne a jikin gida, kowane bayan katanga akwai janareto da jarkar fetur, ga wayar lantarki a sama, ga katakon rufinku daya daɗe yana shan rana. Kuma ciyawar Legas bata bushewa ƙayau ko da rani, sama ya bushe ƙasa ɗanye, hayaƙi kawai zaka turnuƙe unguwa dashi, ga tayoyin nan da in suka kama sai su wuni suna ci. Duk wani maciji da ɓera da gafiya dake ciki kuma gidajen maƙwabta zasu faɗa, kaga ƙarar da ake cewa za'a kai ka ta tabbata kenan. Balle dokar jihar ma ta hana ƙona shara a fili.

Feshi ma ba dashi ake farawa ba. Ciyawar data wuce kan mutum, maganin saman ganye kawai zai taɓa, na ƙasa ko sanin anyi basuyi ba, kuma ko ta mutu tana nan a tsaye sai an sareta dai, ka biya kuɗi sau biyu kenan.

Kafin adda ta taɓa komai, ka binciko inda sokawe take da inda rijiya take in akwai. Ka tambayi tsohon ɗan haya ko maƙwabcin daya daɗe a layin. Wannan shine abinda nafi jin tsoro a tsohon gida, fiye da maciji ma, don murfin sokawe in ya daɗe rodin ciki yana tsatsa simintin ya rube, ganye ya rufe samansa, mutum yana tafe yana sara sai dai kaji ihu. A gabana wani yaro ƙafarsa ta burma har cinya a wani gida ta wajen Ojo, Allah yasa akwai wanda ya riƙo rigarsa. In an gano wajen a kafa sanda a ɗaura jan ƙyalle kowa ya gani.

Daga nan a fara buɗe hanya daga get zuwa ƙofar falo, sai a zagaye ginin a share jikin bango yadda mutum biyu zasu iya wucewa, sannan a shiga filin baya yanki yanki. Kada yaran su watsu ko'ina kowa na sara ta inda yaga dama, su jeru su tura ta fuska ɗaya, kuma a tura zuwa ɓangaren da babu gidan mutane in akwai, don abinda ke ciki ya samu hanyar gudu. Ka faɗawa maƙwabta ranar da za'a yi su rufe ƙofofinsu su tsare yara. Kowane lebura yasa takalmin ruwa mai tsayi da dogon wando da safar hannu, banda silifas, na san halin yaranmu zasu ce sun saba, kace wanda bai sa ba ba zai shiga ba. Adda mai kaifi da magagari na wasa ta, da sanda mai ƙugiya da ake janyo ciyawa da ita kafin a sara don hannu ya daina shiga inda ido bai gani ba, sai manjagara da shebur da diga da baro. Injin yankan ciyawa na ratayawa a kafaɗa kada a sa shi a zagayen farko, wajen da akwai kwalba da dutse da guntun rodi in ruwan injin ya daka ɗaya sai ya harbo shi kan mutum ko gilashin maƙwabci.

Doguwar nan da kace tafi tsayinka ina zaton ciyawar giwa ce, ita sara baya kasheta sai an tone gindin da diga an fitar da kututturen. In kaga tofa kuma to ka shirya haƙuri, jijiyarta a ƙarƙashin ƙasa take tafiya, ko guntu aka bari sai ya tsiro. Akwai wani ɗan itace mai ƙarfin wari in an murza ganyensa, mutanen nan suna ce masa Akintola wasu suce Awolowo, ba tsohon filin da zaka shiga a kudu baka same shi ba, shima in ba'a cire gindinsa ba dawowa yake. Amma wadda nake so ka duba da kyau itace mai yaɗon nan data hau taga. In kaga tana da 'ya'ya dogaye masu gashi gashi ruwan ƙasa to ƙarara ce, werepe a bakin Yarabawa, kuma ita ce amsar tambayarka ta a jira rani ko kar a jira. Yanzu 'ya'yan basu gama nuna ba. In ka bari hunturu ya busa suka bushe, gashin nan iska ke ɗaukarsa, lebura ɗaya ya taɓa ta duk sauran sai sun zubar da adda suna susa, har maƙwabta sai sun ji a jikinsu. Sannan yanzu ƙasa na da laushi, tonon kututture yafi sauƙi. Ka fara yanzu.

In an sare an kwashe, ka bar wajen sati biyu zuwa uku sabon toho ya fito kore shar ya kai kamar taƙi ɗaya ko fiye, to lokacin ne feshi ke aiki. Ka nemi mai sinadarin glyphosate, shi ke bin ganye ya sauka har jijiya. Da safe bayan raɓa ta bushe, ranar da ba iska kuma ba hadari, don yana son kamar awa 6 ba ruwa a kansa. Kada ka ga kwana biyu ciyawa bata canza ba kace jabu ne, sai yayi sati zuwa sati biyu kafin ta koma ruwan ɗorawa. Tofa kam sai an maimaita mata. A bi ma'aunin dake jikin robar, kuma kusa da rijiya da gindin ayabar da kake son bari a yi da hannu.

Maganar kuɗi, kada ka yarda da biyan wuni, jinga zakayi dasu, kuma a faɗa a gaban shaida cewa jingar ta haɗa da tonon kututture da tara sharar a bakin get. In baka faɗa ba zasu sassare sama sama su ce sun gama. Ka bada kaɗan na kafin alƙalami, sauran sai ka zagaya da ƙafarka ka gani.

Maman_Ilham ta rubuta:

Allah ya gafartawa mahaifinku. Malam mai lambu ya gama magana akan sara, ni ta sharar zan taɓa don mun sha wannan a gidan kawuna. Motar PSP, wato kamfanin kwasar shara mai zaman kansa, dake zuwa layi sharar gida take ɗauka, in suka ga tulin ciyawa da katifa da ɓaraguzai wucewa zasuyi abinsu. Sai kaje ka samu mai PSP na yankin ko ofishin LAWMA, hukumar kula da shara ta Legas, kuyi magana daban a turo mota ka biya kuɗinta daban, kuma ka karɓi rasit ka ajiye. Masu tura baro zasu zo suce su zasu kwashe da araha, ba wai ina toshewa 'yan uwanmu hanyar abinci bane amma gwamnati ta hana aikin nasu tun 2018, kuma yawanci a kanal ko bakin titi ake juyewa da daddare, in aka kama ana iya biyo sawu har ƙofarka.

Dabarar rage kuɗin mota itace ka ware kayan. Ciyawa da ganye a tara su a lungu ɗaya nesa da bango, in suka sha rana tulin zai sauka sosai, ƙasan ma ya zama taki. Ƙarafa da tsohon kwano da gwangwani 'yan gwangwan zasu saya su baka kuɗi ma, amma ka tsaya a kansu ko kasa wani naka, don in ka juya baya sai a haɗa da ƙarfen taga da murfin rijiya a ɗora a sikeli. Tayoyin nan su za'a fara fitarwa, ruwan dake kwance a cikinsu shine gidan sauron duk layin.

Sannan ɗan'uwana kada kaje wajen ciyaman ɗin nan hannu rabbana kana cewa ai suma su suka zuba mana shara. Gaskiya ne su suka zuba, amma ba ranar faɗinta bace. Ka riƙe katan ɗin lemo kaje ka gaishe shi, ka tambaya ko akwai kuɗin sikiriti ko na gyaran layi da ake bin gidan, don tabbas akwai, ku sasanta ka biya abinda zaka iya. Shi da kansa zai tsawatar da masu jefo leda ta katanga. Mu sai da mukayi haka aka daina, kafin nan yau a share gobe da safe kaga baƙar leda uku a tsakar gida.

In kun shiga ɗakunan kuma kar ku bari lebura su kwashe komai su zubar, tsofaffin nan suna ajiye takardu a inda baka zato, ƙarƙashin katifa, cikin tsohuwar adaka, saman wadrob. Kai da kanka zaka duba.

Sarkin_Zolaya ya rubuta:

Haba jama'a duk wannan dogon lissafin na menene, kana Agege fa, ka taka mayankar Oko-Oba ka aro shanu biyar ka kulle su a gidan, su cinye ciyawar su bar maka taki kyauta, mai shanu ma godiya zaiyi maka 😂

Malam_Mai_Lambu ya rubuta:

Sarkin zolaya kai dai baka rabo da tsiya. Saniya ta haɗiyi ledar famfas ta kumbura ta mutu wa zai biya? Akintolan nan ma dabbobi basa son cin sa. Balle ka koro shanu a titin Legas bayan dokar hana kiwon sake ta 2021, kafin ku kai Ketu an kama ku kai da shanun.

Nas_Hauwa ta rubuta:

Slm. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abu biyu zan ƙara. Na farko maciji. Mutane zasu ce maka ka watsa kalanzir ko baƙin mai ko tafarnuwa wai yana korar maciji, kar ka dogara da wannan, abinda ke ajiye maciji a gida shine maɓoya da abinci, wato tulin shara da ɓeraye, in an kawar dasu shima zai kama gabansa. Wajen da za'a fi yin hattara shine gindin ayabar nan da ƙarƙashin katifa da tayoyi da tsohon bulo da aka jibge, kada a ɗaga komai da hannu kai tsaye, a fara juya shi da doguwar sanda. In an ga maciji a ja baya a bashi hanya, yawancin saran da muke gani wajen ƙoƙarin kashewa ake samunsa.

In tsautsayi ya faɗa, dan girman Allah banda ɗaure wajen tamau da igiya ko roba, banda tsagawa da reza, banda tsotsa, banda tsayawa neman mai magani ana ɓata lokaci. Ɗaurin nan shi ke sa ƙafa ta rube har a kai ga yankewa. A cire zobe ko agogo ko duk abinda zai matse in wajen ya kumbura, a kwantar da mutum ya daina motsa gaɓar, a ɗaura mata katako kaman yadda ake wa karaya, a ɗauke shi zuwa babban asibiti, kada a barshi ya taka. Kumurci kuma tofi yake a ido, in ya samu mutum a wanke idon da ruwa mai yawa nan take a daɗe ana zubawa sannan a tafi asibiti. Maganin dafin da akafi sani a ƙasar nan shine EchiTAb wanda ake amfani dashi a asibitin saran maciji na Kaltungo a Gombe, ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye irinsa ba, don haka tun kafin ranar aiki ka tambaya a asibitin Janar na Ikorodu ka san inda zaka nufa, kuma a samu mota a tsaye a ƙofar gida. Lambar gaggawa ta Legas 112 ko 767. Wanda ƙusa ko tsohon kwano ya yanka kuma a kaishi allurar tetanus, kar ace ɗan ƙaramin ciwo ne.

Na biyu maganin feshi. In mai shago ya miƙo maka mai paraquat yace wannan yafi sauri, ka ajiye masa. Ganye kawai yake ƙonawa jijiya na nan, kuma guba ce da bata da makari, kurɓi kaɗan ke kashe mutum, NAFDAC ma ta saka shi cikin waɗanda ta hana. Ko wanne ka saya kar a juye ragowar a robar lemo ko ta ruwa, haka yara ke sha. Cikin ɗakunan kuma da ɓeraye suka daɗe suna kashi da fitsari, a buɗe tagogi iska ta shiga, a yayyafa ruwa da bilic kafin a share, a sa takunkumi, saboda zazzaɓin Lassa ta nan yake shiga.

Dattijon_Mile12 ya rubuta:

Ɗana Allah ya jiƙan mahaifinka, in ɗan kasuwar Agege ne na da ƙila ma mun taɓa zama a tabarma ɗaya. Duk abinda aka faɗa maka daidai ne amma ni ciyawar bata dameni ba. Ruwan da ake yi a Legas ya kusa ninka na Kano, duk sharar da zakayi yau in ka kulle get ka koma Agege, kafin damina mai zuwa ta raba tsakiya ka dawo inda ka fara. Hausawa sunce kowa ya bar gida, gida ya barshi, kuma a garin nan ba ciyawa kaɗai ke shiga gidan da aka bari ba.

Ka godewa Allah da ka tarar da maciji baka tarar da mutum ba. Ikorodu ce fa, inda omo onile, wato masu ƙwacen fili da sunan ƙasar kakanninsu ce, suke da ƙarfi. Na san gidaje na mutanenmu da mai gida ya rasu, 'ya'ya suna Arewa suna cewa ai muna da gida a Ikko, ranar da suka zo suka tarar da wani ya ɗora bene yana nuna musu takardar saye, an sayar masa tun tuni. Akwai dokar da gwamnatin Ambode ta sa hannu a 2016 akan masu ƙwacen fili, ɗaurinta yana kaiwa shekara 10, kuma akwai kwamitin da ake kai musu ƙara a ma'aikatar shari'a ta jiha, amma kafin ka ƙwato abinka ka sha zirga zirga da kuɗin lauya. Sannan a dokar Legas in wani ya zauna a filinka a bayyane har shekara 12 baka kai ƙara ba, damar kai ƙarar na iya kuɓuce maka. Saboda haka ranar da za'a fara saran nan ma kada kayi mamaki in wasu samari suka zo suna cewa a biya su kafin a taɓa komai. Shi yasa maganar Maman Ilham ta zuwa wajen ciyaman take da muhimmanci, ka samu mutanen layi a bayanka, in da hali ka gaida Baale, wato mai unguwar Yarabawa na yankin, ka kuma sanar da Sarkin Hausawan wajen cewa ga ɗan wane yazo gyaran gidan ubansa.

Ka nemo takardun gidan, rasit na saye, takardar sabe ta awon fili, duk abinda Baba ya bari, kayi hoto ka turawa manyan 'yan uwanka, asalin kuma kada ya kwana a gidan. Ka bincika harajin Land Use Charge da ake biya duk shekara ko ya taru. Mangwaron nan kuma rage masa rassan da suka hau rufi za'ayi, kada wani ya zuga ka ka kayar dashi, sare bishiya a Legas sai da izinin LASPARK, hukumar kula da lambuna da bishiyoyi ta jiha, kuma maƙwabcin da kuka saɓa dashi shi zai fara kai rahoto.

Abu na ƙarshe kuma shine wanda yafi raba zumunci. Gidan nan ba naka bane kai kaɗai, dukiyar magada ce, ƙila harda marayu ƙanana da mata a ciki. Kafin ka kashe ko sisi ka kira su ka faɗa musu, a yarda a rubuce ko a guruf ɗin WhatsApp ne, cewa abinda ka kashe za'a cire maka a haya ko a rabo. Ka ɗauki bidiyon gidan yadda yake yanzu kafin a taɓa, ka rubuta kowace naira. In ba haka ba gobe wanda bai taɓa taka Ikorodu ba shi zai ce ka cinye gidan Baba. Kuma ka matsa musu a raba gadon nan, jinkirin rabon ne ya kawo wannan dajin. Kafin nan a gyara ko ɗaki ɗaya ne a sa mutum mai iyali, amintacce, da yarjejeniya a rubuce cewa shi mai gadi ne ko ɗan haya, ya rinƙa noma filin baya yasa rogo ko masara ko alayyafo. Filin da ake nomawa baya zama daji.

Bala_Birkila ya rubuta:

Baba dattijo ya faɗi gaskiya. Ni akan bishiyar katanga zan ce wani abu. Irin su cediya da baure ne ke wannan, tsuntsu ke kashin irin a tsagar bulo ta tsiro. Kar a ja ta da igiya ko a ce za'a tumɓuke, katangar zata biyo ta, in ta faɗa ta gidan maƙwabci wata sabuwar rigima ce. A sare ta daga sama guntu guntu har gindi, a shafawa kan kututturen maganin da Malam ya faɗa tun yana ɗanye a take, in ya mutu sai a rushe layin bulon daya tsage a ciro jijiyar a sake ginawa. Liƙa siminti akan tsagar ɓata kuɗi ne. Mai yaɗon data hau kwano ita ma a yanke ta daga ƙasa a barta ta bushe kafin a janye, kada kowa ya hau rufin nan sai kafinta ya leƙa ta cikin silin ya ga ko gara ta cinye katakon. In silin ɗin irin tsohon asbestos ne kada a farfasa shi a bushe, ƙurarsa na lalata huhu, a jiƙa shi a cire a hankali.

Dan_Agege ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya. Baba dattijo maganarka ta shigeni, daren jiya na kira babban yayanmu a Kano mun daɗe muna magana, yace in tura bidiyo a guruf na gida kuma zai tara sauran ranar Juma'a akan maganar rabo. Takardun ashe suna wajen Hajiyarmu a Zariya, alhamdulillah. Na samu lambar wani tsohon ɗan hayar, yace sokawe tana bayan ɗakin ƙarshe dab da ayabar, rijiya kuma tana gefen hagu in ka shiga get kuma a saninsa murfin katako ne da ita, kunga inda na tsaya ranar da naje ina leƙe ashe ba nisa. Malam mai lambu na duba hoton dana ɗauka na zuƙo shi, mai yaɗon nan tana da 'ya'ya a jere masu gashi amma har yanzu kore ne. Lebura nawa kake ganin zasu isa, kuma ayabar in barta ko in cire?

Malam_Mai_Lambu ya rubuta:

To ƙarara ce, kada ka wuce sati mai zuwa. Ita za'a fara yankewa daga gindi da safe tun da sauran raɓa, mai yankan yasa riga mai dogon hannu ya rufe wuyansa, a cusa ta a buhu a ɗaure kada a haɗa ta da tulin da za'a bari ya bushe. Mutum huɗu sun isa fuloti ɗaya, uku na sara ɗaya na janyewa da manjagara, in sunfi haka adda zata fara samun ƙafar wani. Rijiyar nan tun kafin su shiga a buɗe hanya zuwa gareta a ɗora mata tsohon kwano da bulo a kai, daga baya Bala ya zuba maka murfin kankare. Ayaba kuma tunda tana jikin sokawe ka rage ta, ka bar uwa biyu ko uku da 'ya'yansu, a kwashe busassun ganyen dake gindin tas yadda za'a rinƙa ganin ƙasa. Ka turo min hoton filin bayan ta inbox in gani ko akwai tofa, don in akwai jingar zata canza.